Injin Niƙa da Gwangwani Uku daga Maraɗi

Tafiyar nan ta yi wuya. Kwana tara na yi, na dawo da ciwon ƙugu, babu hula, kuma mutum bakwai cikin garinmu ba su so su amsa mini sallama ba. Tun daga ranar duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Nomau, wai yaya Faransa?" Haka muke ce wa ƙasar su Maraɗi, tsallaken iyaka. Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ba ya karatu ya kai wa Malam Umaru ya karanta mishi. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace a yi haƙuri.

Kun san yadda abin ya faro. Damina biyu ba mu ga ruwan kirki ba a Tozai. Gero ya fito, ya tsaya iya gwiwa, ya bushe a tsaye. Rumbuna suka koma ɗakin kaji. Abin da ake samu a kasuwar Isa sai masarar kudu, mai tauri awa tsakuwa. Matanmu da suka saba da gero suka sa ta a turmi, turmi ya ƙi. Hannun matata Hajo duk ya yi kanta. Injin niƙa kuwa sai Isa, mutum ya wuni a hanya don tiya biyu.

Sai muka ce, tun da dabbobinmu mutuwa suke yi ɗaya bayan ɗaya, gara mu sayar da sauran mu sayi inji. Mu tara muka haɗa naira ɗari takwas. A cikinmu har da yayata Ige, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ɗiya huɗu da saniya guda. Saniyar ta sayar, naira sittin, ta kawo mini kuɗɗin ƙulle a bakin zane. Ba ta ce komai ba sai, "Ka san ba ni da wata." Aka ji labarin wata mata a Maraɗi tana sayar da injuna na hannu da araha. Aka zaɓe ni, wai ni ba na dariya kuma ina gane lamba. Umarnin da aka ba ni ɗaya ne: in sayo babba, wanda za a ji ƙararsa daga bakin hanya.

Ranar da za ni tashi sai saƙo ya fara. Labbo mahauci, wanda ya fi kowa zuba kuɗɗi, ya ja ni gefe.

"Rediyo nika so, mai jaka. Ka cire cikin nawa."

Malam Umaru ya ce bargo da turare, a cire cikin nasa. Wani atamfa, wani sukari mai ƙwaya kwali uku, wani fitila. Kowa a cire cikin nasa. Ige kaɗai ba ta ba da saƙo ba. A garinmu wa ke ƙin karɓar saƙo in za shi tafiya? Na rubuta duka a bayan takardar haraji, na ɗaura kuɗɗi cikin lalita a ƙuguna, na hau jaki zuwa Isa.

Daga Isa na shiga babbar mota zuwa Sabon Birni, bisa buhunan fata. Fatu ke nan na shanun da suka mutu, kuma warinsu na nan cikin rigata har yau. Ba mu yi rabin hanya ba taya ta fashe. Direban, wani dogo mai gilashi baƙi, tun daga tasha yake gaya mana motar tasa ce, ba ta wani Alhaji ba, shi ya saye ta da guminsa. Da aka sauko sai ga shi ba shi da safaya, ba shi da kuɗin faci. Ya cire hula ya bi mu ɗaya ɗaya.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, kai da ke da mota sukutum?"

Ya ce, "Inna, motar ce ta cinye ni duka."

Na ba da sule biyu daga aljihuna, na yi mishi dariya a zuci. Na ce wanga wane irin sakarai ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A Sabon Birni na kwana a zauren wani ɗan'uwan Hajo. Aka kawo tuwon masara da miyar kuka wadda ana ganin gindin kwano ta cikinta. Ba laifinsu ba ne, shekarar ce. Lalita ta hana ni kwanciya ta kowane gefe, ta ci mini fata har ta yi ja. Maigidan ya ce ko ciwon ciki gare ni. Na ce eh, don ya fi sauƙin bayani.

Da safe muka shiga wata tsohuwar landiroba, mu goma sha huɗu da akuya. Iyakar da ake ta ba mu tsoro da ita ashe sanda ce aka gicciya bisa ganga biyu, da rumfar zana. Gonar da ke wannan gefen ta bushe, ta wancan gefen ma ta bushe. Jandarma ya fito da gajeren wando, mutum mai furfura, gwiwoyi a waje. Na kawar da kai don kunya. Ya karɓi takardata ya juya ta, ya yi wani yare ta hanci, sannan ya dubi fuskata. Ni ma na dubi tasa. Tsagen Gobir ne reras, irin nawa.

Ya ce, "Kai ɗan wane gari?"

"Tozai."

"Kakata 'yar Alkalawa ce. Mi kaka nema wajenmu, mu da ba mu da ko dussa?"

Na ce inji. Ya ce in na dawo da shi akwai kuɗin fito, kuma da takarda ake biya, kada in zo ina rantsuwa. Na ce to. Gaskiya ko a kunnena, ban sa wannan a lissafi ba.

Mutanen can 'yan'uwanmu ne, amma Bature ya ɓata su ta wata hanya dabam da yadda namu ya ɓata mu. A Gidan Rumji na nemi koko da ƙosai, aka miƙo mini burodi dogo awa sandar makiyayi, da gahawa a cikin kwano. Ɓawon ya yanke mini dasashi. Da rana ta take kuma sai gari duka ya rufe, kanti da ofis, kowa ya tafi ya kwanta. Ba ciwo, ba mutuwa, barci kawai, kuma hukuma ta san da shi. Na ce da mu ne aka ba wannan doka da ba wanda zai tashi sai la'asar sakaliya. Ta Tsibiri muka bi, muka shiga Maraɗi da yamma. Na sauka gidan wani dillalin fata da direban ya haɗa ni da shi, ɗaki ɗaya mu shida. Furarsu tana da kyau, wannan ba zan hana su ba.

Kashegari aka kai ni wurin matar. Sai na tarar Bayarba ce, ana ce mata Iya Mulika, gajera, mai faɗi, gari ya yi mata fari har gira. A Maraɗi aka haife ta, Hausa a bakinta ta fi tawa. Tana ganin tsagena ta tafa hannu.

"Yau na yi sa'a, bawana ya zo da ƙafarsa. Ku ba Bagobiri tsintsiya."

Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Na ce, "Baiwa ba ta magana ubangidanta na tsaye. Kawo kujera."

Ta kawo kujerar, ta kawo ruwa, sannan ta nuna mini injuna biyu. Babban, kore, ya kai ƙirjina. Naira ɗari bakwai da sittin, don tana karɓar kuɗɗinmu. Ƙaramin an ɗaure shi bisa katako mai kauri, fentinsa ya koɗe, ɗari biyar. Ban ko dubi ƙaramin ba. Na dafa babban na ce a rage mini, don akwai saƙonnin da za ni saya.

Ta ce, "Nawa ka zo da su?"

Ban san abin da ya sa na gaya mata gaskiya ba. Na ce ɗari takwas, na mutum tara.

"To ba ni sayar maka da babban."

Na zaci wasan ne. Na ce ta bar shirme. Ta zauna bisa buhu, ta fara ƙirga yatsu.

"Ka ba ni ɗari bakwai da sittin, saura arba'in. Wa zai ɗaukar maka shi zuwa garinku, aljanu? Kuɗin fito fa? Ka kai shi. Mi zai sha, kunu? Gas yake sha, kuma babban nan shan sa ninki biyu ne. Bel ya tsinke, farantan da ke niƙa su cinye. A garinku buhu nawa ake niƙawa a wuni, a shekarar da mutane ke auna abinci da gwangwanin madara? Wata guda za ku yi, ku rufe shi da tabarma, ku riƙa kawo baƙi suna kallo."

Nan direban motar fata ya faɗo mini a rai, da hularsa a hannu. Ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Na ce, "An ce in sayo babba."

"Wa ya ce?"

"Masu kuɗɗin."

"Mu ga takardar saƙon."

Na miƙa mata. Ta karanta tana dariya har da riƙe ciki, ta kira ma'aikatanta ta karanta musu rediyo mai jaka. Sannan ta daina dariya.

"Bawana, wannan Labbon, da wane kuɗi za ka sai mishi rediyo?"

"Da nasa. Ya zuba ɗari biyu."

"Ba shi da ɗari biyu. Ran da ya zuba su sun bar hannunsa, sun zama na inji. Abin da yake da shi yanzu kashi ɗaya cikin huɗu ne na injin, da kashi ɗaya cikin huɗu na ribar da za ta fito, in ta fito. In ka ciri kuɗin rediyo, ba nasa ka cira ba. Ka cire ƙafa ɗaya ta abin da kuka haɗa ku tara."

Na ce inji ƙarfe ne, ƙarfe ba ya mallakar kuɗi. Ta ce in bar ganinsa ƙarfe.

"Ka ɗauke shi maraya ne aka ba ka riƙo, da dukiyarsa. Kana taɓa dukiyar maraya don baffansa na son rediyo?"

Na karɓi takardata na ninke. Ba inji na tuna ba, saniyar Ige na tuna, da yadda yayar tawa ta bi mai sayen da ido har ya sha kwana. Na ba Iya labarin.

Ta ce in zauna kwana uku in koyi aikin, ba ta sayar wa Bagobiri inji ya je ya kashe kansa a ce Yarbawa ne. Na zauna. Na koyi tayar da shi da hannu, da sa mai, da ɗaure faranti, da jin muryarsa in yana son wani abu. Rana ta biyu na sunkuya kusa da bel, ya fizge mini hula, ya yi mata filla-filla. Iya ta ce in gode Allah kan Bagobiri ba ya da abin da bel zai kama. Abinci kuwa teba da miya mai barkono, ina ci ina hawaye, tana cewa kukan kewar gida nake.

Abin da na fi riƙewa shi ne yadda take tashi aiki. Kowace yamma sai ta zube cinikin ranar a faranti, ta jawo gwangwani uku na tumatir, manya. Na farko ta ce na cikin inji ne: gas, mai, bel, ladan mai aiki. Shi ake fara cikawa, don shi ne kuɗin juyi, in babu shi gobe ba a buɗewa. Na biyu ta ce na tsufa ne.

Na ce, "Tsufan wa?"

"Na inji. Kullum yana niƙa hatsi yana niƙa kansa. Wata rana zai tsaya, ba ya ƙara tashi. In kun riƙa jefa wani abu a nan kullum, ran da ya mutu kuna da na sayen wani. In ba ku yi ba, kun ci uwar kuɗinku ke nan kuna ce mata riba."

Na uku shi ne riba, abin da ya saura bayan biyun sun ƙoshi. Shi ma ba kullum ake taɓawa ba, sai ƙarshen wata uku, a raba wa kowa daidai abin da ya zuba. Wata ranar na ga ba ta jefa ko dala a na ukun ba, kuma ko a jikinta.

A rana ta uku ƙanwarta ta kawo dawa niƙa. Aka niƙa, ta kwance bakin zane ta biya, Iya ta karɓa. Na ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya?" Ta ce, "Ni ma in na kawo nawa biya nake. Injin bai san ƙanwata ba, gas ɗaya yake sha." Na ce lallai Yarbawa ba su da kunya. Ta ce shi ya sa suke da injuna.

Na sayi ƙaramin. Na sayi bel na ajiya da faranti biyu, ta rubuta mini takardar kowane abu. Na bi ta kasuwa, na tsaya gaban mai rediyo, na ga mai jakar, na wuce. Ban sayi saƙo ko ɗaya ba. Da kuɗin aljihuna na sayi dogon burodi guda biyu don yara. Da za mu rabu ta ba ni gwangwani uku wofi, ta ce tsarabar Gobirawa ke nan, abin da ya wuce haka ya fi ƙarfinsu. Na ce Allah ya 'yanta ta. Ta ce in gaida yayata.

Dawowa ta fi zuwa wuya, don yanzu ina da kaya mai nauyin jaki biyu. A iyaka na tarar da mai gajeren wando. Na biya kuɗin fito, ya buga hatimi, ya leƙa injin ya ce, "Wanga ɗan ƙaramin?" Na ce shi ne daidai bakinmu. A Isa na sayi gas rabin ganga, na yi hayar amalanke. Tun daga nan nake tunanin abin da zan tarar a gida. Mutum ya dawo daga wata ƙasa ba saƙo, ba tsaraba, da abin da ba shi aka aike shi ba. Na san abin da za a ce, don ni ma da shi zan faɗa in wani ne.

Muka shiga Tozai bayan la'asar. Kafin a sauke kaya an cika ƙofar gidana. Labbo ya zagaya injin sau biyu.

"Nomau, ina uwar? Wanga ai ɗan ne."

Aka yi dariya. Ya ce, "To, rediyo fa?"

Na ce babu. Bargo babu, atamfa babu, sukari babu. Dariya ta tsaya. Wani daga baya ya ce ai dama an ce Maraɗi akwai wuraren kashe kuɗi. Na ji shi, kuma na san muryarsa, amma ba zan rubuta sunansa ba.

Na shimfiɗa tabarma, na kwance lalita a gaban kowa, na nuna musu inda ta ci mini ƙugu. Na jera takardu, Malam Umaru ya karanta su ɗaya ɗaya. Sannan na ƙirga abin da ya saura, naira ɗari da tamanin. Labbo ya miƙo hannu.

"To a raba. Kowa ya sai saƙonsa da kansa."

Na dafe kuɗɗin. Na ce ba na rabawa ba ne, na cikin inji ne. Na jera gwangwanayen, na yi musu bayani yadda aka yi mini, sai dai ni ban iya shi da daɗi ba. Na ba su labarin direban motar fata. Na ce da Labbo ba shi da ɗari biyu a wurina, kashi ɗaya cikin huɗu gare shi, in ya gaji ya nemi mai sayen kasonsa.

Ya ce, "Wa ya koya maka wagga magana?"

"Wata Bayarba."

"Mun aike ka sayen inji, ka je baiwa ta saye ka."

Har ni na kusa dariya. Malam Umaru ya ce maganar maraya dai tana kan hanya, ko da yake bargon ya so. Sauran suka yi ta gunaguni. Ige tana tsaye bakin zaure, ba ta shigo cikin maza ba. Ta ce, "Nomau, abu ɗaya nika tambaya. Shekara mai zuwa war haka, abin nan zai kasance yana aiki?"

Na ce, "In an bar gwangwanayen nan yadda na ce, in Allah ya so, zai yi."

Ta ce, "To a bar su." Ta juya ta tafi. Ba wanda ya ƙara zancen rabo bayan wannan, don kowa ya san abin da ta sayar. Suka watse ba sallama. Burodin kuwa ya bushe a hanya, yara suka yi ta faɗa da shi awa takobi.

Da na idar da sallar asuba na ɗauki galma na haƙa wurin zama a rumfar da muka tanada, muka binne katakon ni da maƙwabcina, muka daddale. Hantsi na yi na zuba gas, na juya hannu sau uku, ya yi tari, ya kama. Ba a jin sa daga bakin hanya, amma ana jin sa a gidan Labbo, don sai ga shi da kansa ɗauke da ƙwarya cike da masara, ya wuce layin mata ya tsaya gaba, fuska a ɗaure. Mai kashi ɗaya cikin huɗu ya zo niƙan kyauta.

Na ce ya dakata, akwai wanda ya riga shi. Na ɗauko tiya biyu ta gidana, na niƙa, na juye wa Hajo a ƙwarya. Sannan na sa hannu a aljihu na ciro sisi, na ɗaga shi yadda kowa zai gani, na jefa a gwangwani. Ya yi ƙara, don babu komai ciki.

Hajo ta ce, "Malam, injin naku ne fa."

Na ce, "Bai san ni ba."

Labbo ya dube ni, ya dubi gwangwanin, ya dubi matan da ke bayansa, Ige na cikinsu da sisinta a hannu. Ya aje ƙwarya ƙasa, ya fara laluben aljihu yana cewa Allah ya isa tsakaninsa da Yarbawa. Na karɓa, na juya kuɗin na duba ko na kirki ne, na zuba mishi masararsa.